Kukan Kwamfuta Kafin Ta Tashi

Daren jiya ta yi aiki lafiya lau. Yau da safe mai ita ya danna makunni, fanka ta juya, 'yar fitilar gaba ta kama, amma monita baƙi ƙirin, ko ɗigon rubutu babu. Da a haɗe ya saye ta, da sai ya naɗe ta ya mayar wa mai shago. To shi ne ya haɗa abarsa da hannunsa: madabod daga wannan shago, furosesa daga wancan, ram da fawa-fak daga wajen wani abokinsa, kowane noti shi ya ɗaure. Ba shi da wanda zai kai wa ƙara. In ya rungume ta ya kai wa tsohon mai gyara, kafin a ɗauki sukudireba za a tambaye shi: "Da ka kunna, ta yi kuka? Sau nawa?"

Tambayar nan ta haura shekara 40 ana yin ta, kuma tana da asali. Akwai lokacin da kwamfutar gida ba ta iya faɗin ciwonta ko kaɗan. Mutane ne suka zauna suka koya mata, wasu kuma suka koyi sauraro, har abin ya zama sana'a.

A watan Janairun 1975 mujallar Popular Electronics ta Amurka ta buga hoton wani akwati a bangonta, mai suna Altair 8800. Wani ƙaramin kamfani ne, MITS, a garin Albuquerque na jihar New Mexico, ƙarƙashin Ed Roberts, ya yi shi. A warwatse ake sayar da shi, kan dala 400 da 'yan kai ko ƙasa da haka kaɗan, mai saye ya zauna da dalma ya liƙa kowane ɗan ƙarfe a mazauninsa. Babu monita, babu kibod. Abin da ke gaban akwatin layin makunnai ne da jajayen fitilu, ma'ajiyarsa kuwa baiti 256 kacal, wato abin da bai kai sakin layi ɗaya na wannan rubutu ba. Wanda ya gama haɗawa ya kunna, in bai ga abin da yake so ba, zai yi wuya ya san ko liƙinsa ne bai kama ba, ko aisi ne ya juya kai da gindi, ko kuwa kayan ne suka zo da lahani tun daga kamfani. Kuma sukan zo da shi: allunan ram na kilobait 4 da MITS ya fitar sun yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki, har wani mai suna Bob Marsh ya kafa kamfanin Processor Technology a kan sayar da waɗanda suka fi su inganci.

Ko lafiyayyiyar Altair ba ta tashi da kanta. Duk lokacin da aka kunna ta, kanta fayau yake, ba ta san ma yadda za ta karanta zaren takarda mai huji-huji da ake ajiye manhaja a kansa ba. Sai mai ita ya shigar mata da wani ɗan gajeren umarni, baiti 20 zuwa 30, ta hanyar ɗaga makunnai da saukar da su, ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure. Wannan ɗan umarni shi ke jawo babban. Paul Allen, abokin Bill Gates, yana cikin jirgi a hanyarsa ta zuwa Albuquerque don nuna manhajar BASIC da suka rubuta, sai ya tuna ba su tanadi wannan umarni ba, a nan cikin jirgin ya rubuta shi a takarda. Irin wannan aiki ake nufi da kalmar butin da yaran shago ke faɗa a yau, kuma ta samo asali ne daga wani karin maganar Turawa kan mutumin da ke son ɗaga kansa sama ta hanyar jan maɗaurin takalminsa.

Da yake kowa na fama shi kaɗai a ɗakinsa, sai aka nemi juna. Ranar 5 ga Maris, 1975, mutum kusan 30 suka taru a garejin Gordon French a Menlo Park, jihar Kalifoniya, suka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club. Wannan ya zo da allon da ya ƙi aiki, wancan ya zo da zanen da ya gyara, a yi musayar kaya da dabara. Steve Wozniak na cikin waɗanda suka halarci zaman farko, kuma Apple I da ya fito da ita a 1976 allo ne tsirara, mai saye ne zai nemo mata akwati da kibod da taransifoma.

Babban sauyin ya zo ranar 12 ga Agusta, 1981, lokacin da IBM ya fito da kwamfutarsa samfurin 5150. Wata 'yar tawaga ce a Boca Raton ta jihar Fulorida, ƙarƙashin Don Estridge, ta yi aikin cikin kusan shekara guda. Saboda gaggawa ba su tsaya ƙera komai daga tushe ba, suka tattaro kayan da ke kasuwa, har da furosesa 8088 ta kamfanin Intel. Sannan suka sa wata ƙaramar manhaja ta kilobait 8 a cikin aisin da ba ya mantuwa ko an ɗauke wuta. Sunanta BIOS, sunan da Gary Kildall ya fara amfani da shi a manhajarsa ta CP/M a 1975. David Bradley, injiniyan da ya ƙirƙiro danna Ctrl da Alt da Del tare, yana cikin waɗanda suka rubuta ta.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan aka danna makunni, fawa-fak ba ya sakin furosesa nan take. Yakan jira wutarsa ta daidaita, abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba, sannan ya aika alama ta waya guda cewa wuta ta yi kyau. Da samun alamar, furosesa sai ta nufi adireshi ɗaya tak da aka gina ta ta fara da shi, can ƙarshen megabait na farko, inda BIOS ke jiranta. Abin da BIOS ke fara yi kuwa shi ne duba lafiyar gida, gwajin da ake taƙaita sunansa da POST. Ya gwada furosesa kanta, ya lissafa abin da ke cikin aisinsa ya ga ko ya cika, ya gwada agogon ciki, ya rubuta a farkon ram ya karanta ya ga ko abin da ya ajiye shi ya tarar, sannan ya tayar da katin hoto. Bayan haka ne ake zuwa kan sauran ram da kibod da faifai. A ƙarshe ya karanto baiti 512 na farkon faifai, ya miƙa musu ragama.

Matsalar a bayyane take. Idan ciwon ya faru kafin katin hoto ya tashi, da wane baki na'urar za ta faɗa? Monita ba ta da amfani a wannan lokaci. Amma akwai 'yar sifika a cikin akwatin, wadda aisin agogo ke kaɗawa kai tsaye, ba ta bukatar komai sai wuta. Sai aka ba ta aikin magana. Gajeren kuka ɗaya, lafiya ƙalau. Dogo ɗaya da gajeru biyu, katin hoto ne. In kuwa hoto ya samu, sai lambobi su fito a monita: 201 ram, 301 kibod, 601 faifan fulofi, daga baya 1701 babban faifan ajiya. Wannan dabara ta cancanci yabo, domin waɗanda suka yi ta sun yi tunanin ranar da aikinsu zai lalace a hannun wani da ba su taɓa gani ba, suka bar masa hanyar ganewa.

IBM ya ƙara da wani abin da ya zama sanadin duk wata kwamfutar haɗin gida. Ya buga littafin bayanin fasaha mai ɗauke da zanen wayoyin allon da rubutun BIOS gaba ɗaya, layi bayan layi, kowa na iya saye. Doka ta hana a kwafi rubutun, amma ba ta hana a rubuta wani da ke aiki iri ɗaya ba. Kamfanin Compaq ya raba injiniyoyinsa gida biyu: wasu su nazarci abin da BIOS ke yi su bayyana, wasu da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba su gina nasu daga bayanin. Kwamfutarsu ta shiga kasuwa a 1983. A 1984 Phoenix Technologies ya yi irin wannan aiki, shi kuma ya sa nasa a kasuwa ga duk mai so. Award da American Megatrends, wanda aka fi sani da AMI, suka biyo baya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin Taiwan irin su Gigabyte da MSI da ASUS sun kafu, madabod ya zama haja kamar kowace, mutum ya saya ya haɗa a kan teburin cin abincinsa.

Sai dai kowane BIOS da yarensa. Na AMI ƙirga gajerun kuka ake yi: uku, farkon ram ne ya gaza, biyar, furosesa, takwas, ma'ajiyar katin hoto. Na Award in ya shiga dogon kuka yana maimaitawa ba tsayawa, ram yake nema. Na Phoenix kuwa rukuni-rukuni yake yi kamar mai kiɗan kalangu, ɗaya, ya tsaya, ɗaya, ya tsaya, uku, sai a duba jadawali a ga ma'anar 1-1-3. Don haka kafin mai gyara ya fassara kuka sai ya leƙa takardar da ke manne a bayan aisin ya ga na wane gida ne. Masu abin hannu sukan sayi wani ɗan kati da ake sokawa a ramin madabod. Tun daga IBM AT ta 1984, BIOS kan aika lambar kowane matakin gwaji zuwa wata ƙofa mai lamba 80, katin kuma ya nuna ta da haruffa biyu masu haske. Inda lambar ta tsaya, nan ciwon yake.

Ita wannan AT ɗin ce ta kawo batir cikin kwamfutocin IBM. Kafin ita, da 'yan ƙananan makunnai a kan allo ake gaya wa na'ura yawan ram da irin monitar da ke jikinta. AT ta maye gurbinsu da aisin Motorola mai riƙe agogo da baiti 64 na bayanai, wanda batir ke rayawa in an kashe wuta. Sauƙi ya samu, sabon ciwo ma ya samu. Ranar da batir ya mutu, kwamfuta kan manta irin faifan da ke cikinta, ta tsaya cik, alhali duk bayanan mai ita suna nan ba abin da ya taɓa su. Allunan zamanin 386 da 486 da dama sun zo da batir mai siffar 'yar ganga a liƙe, wanda in ya tsufa yakan zubar da ruwa ya cinye hanyoyin tagulla da ke kewaye da shi. Daga baya aka koma CR2032, mai kama da kwabo, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, wutarsa bolt 3. Har gobe, in aka yi wa saitin BIOS karambani na'ura ta ƙi tashi, maganin farko shi ne a zare wuta, a cire wannan kwabo na 'yan mintoci, a mayar.

Wuta kuwa ita ce uwar matsaloli. A tsarin AT, wayoyin da ke shiga madabod kan zo da kai biyu, P8 da P9, masu kama da juna kamar tagwaye, kuma kowanne na iya shiga mazaunin ɗan'uwansa. Ƙa'idar da kowane mai haɗi ya haddace ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Wanda ya juya su, warin ƙuna ne zai ba shi labari. A 1995 Intel ya fito da tsarin ATX mai kai ɗaya, fil 20, da ba ya shiga sai ta hanya ɗaya, daga baya aka mai da shi 24. A tsarin nan makunnin gaba ba ya taɓa babbar wuta, roƙo kawai yake aika wa madabod, shi kuma ya ja koriyar waya zuwa ƙasa, fawa-fak ya tashi. Daga nan aka samo gwajin da kowane yaron shago ya sani: a zare kan daga allo, a lanƙwasa 'yar waya, a haɗa koriya da baƙa. In fankar fawa-fak ta juya, yana da rai. Gwajin bai nuna ko zai iya ɗaukar kaya ba, kuma bai ba kowa izinin buɗe cikinsa ba, domin manyan kafasitocin da ke ciki kan riƙe wuta mai haɗari bayan an zare soket. Da Pentium 4 ta zo a 2000 sai aka ƙara wani kai mai fil 4 don furosesa ita kaɗai, kuma mantawa da shi na cikin kurakuran da sabon mai haɗi ya fi yi: fanka na juyawa, monita shiru.

Akwai wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin fawa-fak da ya ci kwamfutoci da yawa a ƙasashenmu. Gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya 230. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa ninkinta ce ko kusa da haka. Kwamfutar da aka yi amfani da ita a can ta shigo ta Legas, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja har ta iso titin Beirut a Kano, in ba a tura makunnin nan ba kafin a soka ta, ƙara ɗaya za a ji, fau, sai hayaƙi. Ga kuma wutar NEPA da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, ga janareto, ga ƙurar hunturu da ke shiga ramin ram ta kwanta. Shi ya sa mai gyara a nan, in ya ji kukan ram, yakan ce wa yaronsa, "Ciro shi ka goge bakin." Yaro ya ce, "To, Oga," ya ɗauko robar goge fensir, ya murza zinariyar bakin a hankali har ta yi ƙyalli, ya hure ramin da bulowa, ya danna ram ɗin da manyan yatsu biyu har maƙallan gefe su ce ƙas. Sau da yawa aikin ke nan.

Cirewa da mayarwa tsohuwar dabara ce. Ƙarfe na buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, a hankali aisi ya ɗago daga mazauninsa. Apple III ta 1980, wadda aka yi ba fanka, ta yi suna da wannan, har an ruwaito cewa ana ba masu ita shawarar su ɗaga ta kaɗan daga tebur su sake ta, don kayan ciki su koma su zauna.

Sau biyu aka yi annobar da ta kwantar da kwamfutoci a duniya ba tare da laifin masu su ba. Ta farko cuta ce ta manhaja. A 1998 wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta wadda aka sa wa suna CIH. Ta yi lamo a cikin na'urori masu Windows 95 da 98 har ranar 26 ga Afrilu, 1999, ranar da ta yi daidai da zagayowar hatsarin Chernobyl. Sai ta goge farkon faifai, a wasu allunan kuma ta rubuta shara a kan BIOS ɗin kansa, tun da a lokacin an koma aisin da ake iya sake rubutawa. Koriya ta Kudu da Turkiyya na cikin inda ta fi yin ɓarna. Na'urar da ta rasa BIOS ko kuka ba ta iya yi. Masu ƙarfin hali suka ɓullo da wata hanya: a kunna lafiyayyen allo irinsa, a zare aisinsa yana cikin aiki, a soka mataccen, a sake rubuta shi. Gigabyte kuma ya fara sa BIOS biyu a allo ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗaya ya ceto shi.

Ta biyu ta fi daɗewa, daga wajen 1999 zuwa 2007. Kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da furosesa suna tace wuta, suka riƙa kumbura tun ba su shekara biyu ko uku ba. Labarin da mujallar IEEE Spectrum ta kawo a 2003 shi ne an sato sirrin haɗin ruwan da ke cikinsu daga wani kamfanin Japan, amma ba a sato shi cikakke ba, babu sinadarin da ke hana ruwan cin alminiyon. Iskar haidurojin ta taru a ciki, kan gwangwani ya tashi kamar burodi, wani ya fashe ya fitar da ƙasa-ƙasan datti. Alamarsa ta bambanta da sauran: yau kwamfuta ta tashi a dannawa ta biyu, wata mai zuwa sai ta biyar, ranar nan ta ƙi gaba ɗaya. Dell ma ya gamu da makamancin wannan a kwamfutocinsa na ofis samfurin OptiPlex, har ya ware dala miliyan 300 a 2005, wani ɓangare don gyaransu. Irin waɗannan injuna na ofis, bayan an gama da su a ƙasashen waje, su ne suka cika shagunan intanet da na buga takardu a garuruwanmu, kuma a kansu ne masu gyara da yawa suka koyi shafa kan kafasita da yatsa su ji ko ya yi tudu.

Duk wannan tarihi ya taru ya zama hanya guda da gwanaye ke bi. A fito da allon daga akwati, don noti ɗaya da ya ɓata a ƙarƙashinsa ya isa ya haɗa wuta. A ɗora shi a kan kwalinsa, a bar masa furosesa da fankarta da ram guda ɗaya da sifika, a taɓa filoli biyu na makunni da bakin sukudireba. In ya yi magana, a riƙa mayar da kaya ɗaya-ɗaya har a kai ga wanda ya sa shi shiru. In bai ce komai ba, a cire ram ɗin ma: allon da ya yi kukan rashin ram yana da rai, wanda ya yi gum kuwa sai a koma kan wuta, ko furosesa, ko shi kansa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mai gaggawar da ya canza uku tare, ko ta tashi bai san abin da ya gyara ba.

Yau BIOS na asali ya ba da wuri ga UEFI, wanda Intel ya faro a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni suka haɗu a kansa a 2005, ko da yake baki bai daina cewa BIOS ba. Alluna da yawa na zuwa da 'yan fitilu huɗu a gefe, na furosesa da ram da hoto da faifai, masu tsada kuma da haruffa biyun nan na ƙofa ta 80 a jikinsu. Gani ya kori ji. Wasu na da maɓallin da ke sake rubuta BIOS daga filasha ko babu furosesa a kai. Sabon ram na DDR5 ya zo da nasa halin: a kunnawar farko allo kan ɗauki mintoci yana auna shi, monita baƙa, kuma wanda bai sani ba yakan zare wuta a tsakiyar aikin yana zaton ta mutu.

Akwatunan yanzu yawanci ba sa zuwa da sifika. Amma a ƙasan madabod da yawa, kusa da inda wayoyin makunni ke shiga, filoli huɗu na sifika suna nan a jere kamar yadda suke tun zamanin IBM. Tsofaffin masu gyara kan ajiye 'yar baƙar sifika, girmanta bai wuce ƙwayar gurjiya ba, mai waya biyu, ja da baƙa, a cikin gwangwanin notuna. In aka kawo musu wadda ta ƙi tashi, ita suke fara lalubowa su soka, su ce wa mai kaya ya ɗan yi shiru, sannan su danna makunni.